Sojan Da Ba Ya Jin An Ce Yaƙi Ya Ƙare

Ran 4 ga watan Yuni, 2025, hukuma ta ta da mutum sama da 20,000 daga gidajensu a Kolon, wani babban birni na ƙasar Jamus. Aka kwashe marasa lafiya daga asibiti, aka fitar da tsofaffi, aka rufe makarantu, aka hana kowa bin gadojin kogin da ke kusa. Ba kuwa yaƙi a ke yi a Jamus ba. Masu haƙa wurin gini ne suka ci karo da bama-bamai uku ƙirar Amurka, waɗanda aka jefo daga sama a Yaƙin Duniya na Biyu. Yaƙin nan ya ƙare tun 1945. Yawancin waɗanda suka yi shi sun rigaya mu gidan gaskiya, amma bama-baman nan suna kwance cikin ƙasa shekara 80, da ransu.

A arewacin Faransa da Beljiyam abin ya fi haka daɗewa. Kowace shekara, sa'ad da manoma suka sa garma, sai ta tono harsasan igwa na yaƙin 1914 zuwa 1918. Har sun yi wa abin suna, suna ce da shi girbin ƙarfe. Manomi ya kan ajiye abin da ya tono a bakin gona, motar soja ta zo ta kwashe.

Waɗannan duka kuskure ne ya bar su. An yi su domin su fashe nan take, suka ƙi. Amma akwai wani makami dabam wanda tun daga maƙera aka shirya shi domin ya kwanta ya yi ta jira, watau nakiya. Mai karatu ya san ba nakiyar biki mu ke nufi ba, wadda iyayenmu mata su ke dakawa da shinkafa da zuma. Ban san wanda ya fara ba abubuwan nan biyu suna ɗaya ba, amma lalle ya haɗa zaƙi da ɗaci.

Abin da ke cikin gwangwanin

Nakiyar da a ke binnewa iri biyu ce. Akwai babba, mai faɗin faifai, wadda aka yi domin tankar yaƙi. Wata tana ɗauke da abin fashewa wajen kilo 7. Ba ta tashi sai an danne ta da nauyin da ya wuce kilo 100, saboda haka mutum ya kan taka ta ya wuce lafiya. Amma ba ta san bambancin tanka da motar kasuwa ba, balle amalanken shanu da aka yi wa lodin dawa.

Ƙaramar ita ce ta mutane. Wata ba ta fi gwangwanin kifi girma ba, nauyin ƙafar yaro ma ya isa ya ta da ita. Ga abin da zai ba mai karatu mamaki: da yawa daga cikinsu ba domin su kashe aka yi su ba. An auna abin fashewar daidai yadda zai cire ƙafa, ya bar mutum da rai. Dalilin kuwa lissafi ne irin na yaƙi. In soja ya mutu, an rage mutum ɗaya. In kuwa ƙafarsa ce ta tafi, sai mutum biyu ko huɗu su bar faɗa su ɗauke shi, a nemi mota, a nemi likita, sauran kuma da suka ji kukansa gabansu ya faɗi. Da babban mutum aka yi wannan lissafi. Yaro gajere ne, cikinsa da ƙirjinsa suna kusa da ƙasa, saboda haka abin da zai cire wa soja ƙafa sau da yawa ran yaro ya ke ɗauka.

Akwai kuma wadda Jamusawa suka fito da ita a Yaƙin Duniya na Biyu, wadda in an taɓa ta sai ta yi tsalle sama daidai ƙugun mutum kafin ta fashe, ta watsa ƙarafa ko'ina. Amma wadda ta fi kamata iyaye su ji labarinta ita ce wata 'yar ƙarama ta roba, mai fukafukai biyu, wadda sojojin Tarayyar Sobiyat suka riƙa watsawa daga jiragen sama a Afganistan tsakanin 1979 da 1989. Saboda siffarta a ke kiranta da sunan malam-buɗe-littafi. Ba a binne ta, a fili ta ke kwanciya, koriya ko ruwan ƙasa. Yaro ya gan ta, ya ce ya tsinci abin wasa. Yara masu yawa a ƙasar sun rasa yatsu da hannuwa da idanu ta haka. An sāke ganin irinta a yaƙin Yukren.

Me ya sa soja su ke son ta?

Kada mu yi tsammani mugunta kaɗai ce. Ga hafsan da aka ce ya tsare iyaka mai tsawo da mutane kaɗan, nakiya mai gadi ce wadda ba ta barci, ba ta cin abinci, ba ta neman albashi, ba ta kuma gudu. A shekarar 1942, a wurin da a ke kira Alamain cikin hamadar Masar, Romel babban hafsan Jamus ya sa aka binne nakiya wajen rabin miliyan a gaban rundunarsa. Sai da sojojin Ingila suka yi ta buɗe 'yan hanyoyi da dare kafin tankokinsu su wuce. A nan ne aka fara aiki sosai da na'urar nan mai jin ƙarfe a cikin ƙasa, wadda wani hafsan Folan mai suna Kosaki ya ƙago. Har wa yau makiyayan wannan hamada suna gamuwa da ragowar nakiyoyin.

Yaƙin zamani, da dukan jiragensa marasa matuƙi da taurarinsa na leƙen asiri, bai tsofar da nakiya ba. Ya ma daɗa mata ƙarfi. A damina ta 2023 sojojin Yukren suka tasam ma Rasha a yankin Zaforijiya, da sababbin tankoki da motocin sulke waɗanda ƙasashen Turai da Amurka suka ba su. Abin da ya fi tsai da su shi ne filayen nakiya masu faɗin gaske. Da motar gaba ta taka, sai na baya su tsaya cik, ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi yana kallonsu daga sama, yana nuna wa igwa inda za ta buga. Dole soja suka sauka, suka koma lalube da hannu cikin duhu, kamar yadda kakanninsu suka yi a Alamain.

Ga ta kuma da araha. Tun cikin shekarun 1990 aka ƙiyasta cewa a kan ƙera ƙaramar nakiya a kan dala 3 zuwa 30, amma cire guda ɗaya daga ƙasa ya kan ci dala 300 zuwa 1,000. Mai binnewa ya gama cikin minti kaɗan. Dokar soja ta ce ya zana taswirar inda ya sa kowace ɗaya, amma taswira ta kan ɓace, mai zanen ya kan mutu, 'yan tawaye kuwa ba su zana kome. Ko an zana ma, ruwa ba ya bin taswira. A ambaliyar da aka yi a Bosniya a 2014, ruwa ya kwashi nakiyoyin yaƙin shekarun 1990 ya kai su wuraren da dā a ke tafiya lafiya.

Alkawarin Otawa

Cikin watan Janairu, 1997, Gimbiya Dayana ta Ingila ta sa rigar kāriya da gilashin fuska, ta taka cikin wani fili da a ke sharewa a Huwambo ta ƙasar Angola, ta kuma zauna da yaran da suka rasa ƙafafu. Hotunan suka zaga duniya. Ta rasu cikin Agusta na shekarar nan. Cikin Disamba ƙasashe 122 suka taru a Otawa, babban birnin Kanada, suka sa hannu a kan alkawari cewa ba za su ƙara ƙera nakiyar mutane ba, ba za su sayar ba, ba za su binne ba, za su lalatar da wadda ke cikin ma'ajinsu, su kuma share wadda ke cikin ƙasarsu. Wata Ba'amurkiya mai suna Jodi Wiliyams, tare da ƙungiyar da ta yi ta wannan fama, suka sami lambar Nobel ta zaman lafiya a shekarar. Alkawarin ya fara aiki ran 1 ga Maris, 1999. Nijar ta shiga a 1999, Nijeriya a 2001. Da sannu ƙasashen suka wuce 160, aka kuma lalatar da nakiya fiye da miliyan 55 daga ma'ajin sojoji.

Sai dai manyan ba su shiga ba. Amurka, da Rasha, da Sin, da Indiya, da Pakistan duka suna waje. Hujjar Amurka ita ce iyakar Koriya ta Kudu da ta Arewa, inda nakiya ta ke tsaron layi tun 1953.

A shekarar 2025 kuwa aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Ƙasashe biyar na Turai, watau Folan, da Finlan, da Lituwaniya, da Latbiya, da Istoniya, suka ce za su fita daga alkawarin. Dukansu suna da iyaka da Rasha. Ta Finlan kaɗai ta kai kilomita 1,340, mutanen ƙasar kuwa ba su kai miliyan 6 ba. Sun ga abin da ya sami Yukren tun daga 2022, sun kuma ga yadda nakiya ta tsai da runduna. Gemun maƙwabci ya kama wuta, suka shafa wa nasu ruwa.

Ba na so in yi musu dariya daga nesa, gama mai ɗaki shi ya san inda ɗakinsa ke yoyo. Haƙƙin kowace gwamnati ne ta tsare mutanenta, ba kuwa za a ce wa ƙaramar ƙasa ta naɗe hannu ba alhali babbar maƙwabciyarta ba ta yi alkawarin kome ba. Masu goyon bayansu suna cewa nakiyar zamani dabam ce, tana da batir, in batirin ya mutu ita ma ta mutu. Irin wannan ce Amurka ta yarda ta ba Yukren a ƙarshen 2024. To, amma a nan ne ni zuciyata ba ta kwanta ba. A tuna da ƙasar Lawos. Daga 1964 zuwa 1973 jiragen Amurka suka zuba mata bam fiye da tan miliyan 2, a cikinsu akwai ƙananan bama-bamai masu girman lemo wajen miliyan 270. Kowane ɗaya an ƙera shi domin ya fashe da faɗuwarsa. Wajen kashi uku cikin goma suka ƙi. Shekara 50 bayan haka manomi a Lawos yana sa fartanya da tsoro. Abin da maƙeri ya ce makami zai yi, da abin da makamin ke yi bayan ya faɗa cikin taɓo, ba kullum su ke zama ɗaya ba.

Sa'an nan a duba su wa ke takawa. Masu ƙidayar wannan abu sun ce a shekarar 2023 nakiya da ragowar kayan yaƙi sun kashe ko sun raunata mutum 5,757 a duniya. Kashi 84 cikin ɗari ba soja ba ne. Fiye da sulusin waɗannan kuwa yara ne. Ƙasar Bama, wadda yanzu a ke kira Miyanma, inda kakanninmu suka yi yaƙi, ita ce a kan gaba. Nijeriya tana cikin goman farko.

Gafiya ta sami aiki

Share nakiya aiki ne na mai haƙuri. Mutum ya durƙusa, sanye da rigar kāriya mai nauyi cikin zafin rana, ya yanke ciyawa kaɗan kaɗan, ya bi da na'ura. In ta yi ƙara, sai ya tona daga gefe a hankali, kamar mai tonon rogo da cokali. Sau da yawa abin da zai tarar tsohuwar ƙusa ce ko murfin kwalba, amma dole ya ɗauki kowace ƙara kamar ita ce. Mozambik ta yi shekara fiye da 20 tana wannan aiki bayan yaƙin basasarta, sai a 2015 ta ce ta gama da dukan filayen da aka sani. Yukren kuwa, a 2023 gwamnatinta ta ƙiyasta cewa ƙasar da ke bukatar bincike ta kai murabba'in kilomita 174,000, watau ya fi Jihar Borno sau biyu.

A Morogoro ta ƙasar Tanzaniya, wata ƙungiya mai suna APOPO ta ɗauki ma'aikacin da ba wanda ya zata, wato gafiya, 'yar'uwar wadda ke yi mana ɓarna a rumbu. Hancinta yana jin warin abin fashewa, ba ruwanta da ƙusa ko murfin kwalba. Ba ta kuma da nauyin da zai ta da nakiya. A kan sa mata 'yar ɗamara, a ɗaura ta a igiya tsakanin mutum biyu, ta yi ta kai da kawowa. Inda ta ji wari sai ta tsaya ta yi ta karce ƙasa, a ba ta ladan ayaba ko gyaɗa. Filin da mutum zai yi kwanaki a kansa, ita ta kan gama shi kafin a dafa shayi a sha. Wani namijin gafiya mai suna Magawa ya yi shekara 5 yana aiki a Kambodiya, ya gano nakiya 71 da waɗansu abubuwan fashewa 38. A 2020 wata ƙungiyar kula da dabbobi ta Ingila ta rataya masa 'yar lambar zinariya. Ya mutu da tsufansa a Janairu, 2022. In yaranmu masu farautar gafiya da rani suka ji wannan, watakila su ɗan sassauta mata.

A ƙofar gidanmu

Arewacin Cadi yana fama da nakiyoyin da aka bari tun yaƙinta da Libiya a shekarun 1980. A Nijar an sha wannan wahala a yankin Agadas lokacin tawayen 2007 zuwa 2009, daga baya kuma a yankin Diffa. Nijeriya ta taɓa shaida wa sauran ƙasashe cewa ta gama share ragowar yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ba a daɗe ba rikicin Boko Haram ya komo da abin sabo a Borno da Yobe da Adamawa. A ƙarshen Afrilu, 2025, mota ta taka nakiya a hanyar Rann zuwa Gamborun Ngala, mutum 26 suka rasu, da mata da yara a cikinsu.

Nakiyar wannan yanki yawancinta haɗin hannu ce, saboda haka ba ta da kama ɗaya. Ta kan zo cikin jarka, ko tukunya, ko tulun gas, ko guntun bututu, wani lokaci da waya ko batir a jikinta. Ban da ita kuma akwai gurneti da harsasai da rokoki waɗanda aka harba ba su fashe ba. Tsatsa ba ta kashe su. Sau da yawa tsufa ƙara musu saurin fushi ya ke yi.

'Yan'uwanmu da yawa na wajen Gwoza da Madagali da Damboa da sauran wurare suna komawa gonakin da suka bari shekara da shekaru. Yunwa ba ta jira, damina ma ba ta jira, mun sani. Duk da haka, kafin a sa fartanya a tambayi sojojin da ke wurin, da bulama ko mai unguwa, ko an yi faɗa a gonar, ko an yi sansani a kusa. A bi hanyar da mutane ke bi kullum, a bar yanke. A lura da abin da ƙasa ke faɗi: hanyar da ciyawa ta rufe alhali dā a kan bi ta, itacen da 'ya'yansa suka nuna suna zuba ba mai tsinka, mushen dabba a fili ba dalili, tsohon ramin soja, ƙasar da aka tona aka mayar, ko waya a miƙe cikin ciyawa. Inda masu sharewa suka yi aiki, jan fenti a kan dutse ko jan allo mai hoton ƙoƙon kai ma'anarsa kada a wuce. Kada kowa ya cire alamar nan domin ya yi murhu da dutsen ko ya yi ƙofa da allon.

Ku iyaye, yaran da suka fi shiga hatsari su ne masu kiwo, da masu zuwa itace, da masu tsintar ƙarfe su kai wa 'yan gwangwan. Yaro ya ga ƙarfe mai nauyi, a idonsa kuɗin sabulu ne ko na littafi. Ku zaunar da su ku faɗa musu dalla-dalla: abin da ba kai ka ajiye ba, kada ka taɓa shi, kada ka shure shi, kada ka jefe shi da dutse, kada ka sa shi a wuta, kada ka kawo shi gida ka nuna wa baba. Ku kuma yi musu alkawari ba za a buge su ba in sun zo sun faɗa, ko da a wurin da aka hana su zuwa suka gan shi, gama tsoron bulala ya kan sa yaro ya yi shiru. Malaman makarantar Lahadi da shugabannin zumuntar mata za su iya ɗaukar minti biyar su maimaita wannan, musamman gab da faɗuwar ruwa. Manya ma kada su yi jaruntaka su ɗauki abin su jefa a rijiya ko a shadda. Yana nan yana jiran ranar da za a yi yasa.

Wanda ya ga alama cewa ya riga ya shiga wuri mai nakiya, sai ya tsaya cik inda ya ke, ya yi kira da ƙarfi domin na bayansa su tsaya, ya jira taimako ko da zai kai sa'o'i.

Saura abu ɗaya, shi ne kuwa mafi wuya. In an ji ƙara, aka ga mutum ya faɗi, kada a ruga wurinsa. Ba safai a ke binne nakiya ita kaɗai ba, sau da yawa kuma mai zuwa ceto shi ne na biyu da ke takawa. Na san abin da na ke roƙo ke nan a wurin uwa wadda ta ke jin muryar ɗanta. Sai waɗanda ke kusa su riƙe ta. A tsaya daga inda a ke, a yi ta yi wa mai raunin magana, a ce masa kada ya motsa, kada ya ja jiki, in yana iyawa ya danne inda jini ke fita da rigarsa. Mutum ɗaya ya koma ta sawun da aka zo, ya kira soja ko 'yan sanda, ya gaya musu wurin, da yawan waɗanda suka ji rauni, da hanyar da aka bi aka isa can.